Haƙƙin Mai Saye Wajen Warware Yarjejeniyar Bashin Mota a Dokar Birtaniya

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce bayyana matsayin mutumin da ya sayi mota bashi a ƙasar Birtaniya, ya sa hannu a takardu, ya karɓi makulli, sa'an nan daga baya ya so ya janye. Dalilan janyewa suna da yawa. Wani aikinsa ne ya tsaya, wani ya koma gida ya buga lissafi ya ga kuɗin ruwan ya fi ƙarfinsa, wani kuwa motar ce ta soma ba shi wahala tun ba ta yi mako guda a hannunsa ba. Dukkansu tambayarsu ɗaya ce, watau ko doka ta yarda su mayar da motar su huta.

Abin da ya sa amsar ke da wuya shi ne, a bakin jama'a kalmar sokewa guda ce, amma a wurin doka hanyoyi ne dabam-dabam, kowace da lokacinta da kuma abin da za ta ci wa mutum. Akwai wani zato da ya bazu cewa duk wanda ya sayi mota bashi yana da kwana 14 na sake tunani, in ya ga dama ya mayar da ita. Kwana 14 ɗin nan gaskiya ne akwai su, sai dai bashin kaɗai suke warwarewa, motar kuwa tana nan a wuyan wanda ya ɗauka. Wannan bambanci tsakanin warware bashi da warware ciniki shi ne ginshiƙin takardar.

Dokoki biyu za mu fi dogara da su. Ta farko ita ce Dokar Bashin Masu Saye ta 1974, wadda ta biyo bayan rahoton kwamitin Lord Crowther na 1971. Ta biyu ita ce Dokar Haƙƙin Mai Saye ta 2015. A ƙarshe za mu waiwayi dokar Nijeriya ta 1965 a taƙaice, domin daga tsohuwar dokar Ingila aka ɗebo ta.

2.0 WA YA SAYAR, WA YA SAYA?

Mai saye yana ganin mutum biyu ne a cinikin, shi da dillalin da ya nuna masa motar. A takarda kuwa su uku ne. A irin yarjejeniyar da ta fi yawa, wadda za mu kira hayar-saye, dillali yana sayar da motar ga kamfanin ba da rance, kamfanin ya biya shi nan take, sa'an nan kamfanin ya ba mai saye hayarta, da sharaɗin in ya gama biyan kason wata-wata zai iya mallakarta. Ke nan har zuwa ranar biyan ƙarshe motar ta kamfani ce, kuma a idon doka kamfanin ne ya ba da ita, ko da mai saye bai taɓa taka ofishinsa ba.

Wannan tsari ya samu gindin zama ne tun shari'ar Helby da Matthews ta 1895. Wani mutum ya karɓi fiyano a kan biyan wata-wata, bai gama biya ba ya je ya jinginar da shi. Kotun Majalisar Dattawan Ingila ta yanke cewa tun da yana da zaɓin mayar da kayan a kowane lokaci, to, bai sayi kome ba tukuna, ɗan haya ne kurum, don haka mai kayan zai karɓe abinsa daga hannun mai jingina. 'Yan kasuwa suka ga wannan hukunci ya kāre su, suka rungumi tsarin. Daga nan wata mummunar al'ada ta yaɗu, inda akan jira mutum ya kusa gama biya, ya makara wata ɗaya, a zo a ƙwace kayan, a kuma riƙe duk abin da ya biya. Wannan ne ya sa Ellen Wilkinson, wakiliyar Jarrow a majalisa, ta gabatar da ƙudurin da ya zama Dokar Hayar-Saye ta 1938. Ƙa'idar rabi da ƙa'idar sulusi, waɗanda za mu tattauna nan gaba, daga wannan doka suka faro.

Ba kowane bashin mota ne hayar-saye ba. Wani yakan je banki ya ci bashi da sunansa, ya biya dillali kuɗi hannu, motar ta zama tasa tun ranar farko. Wani kuma haya zalla yake yi, ya riƙe motar shekara biyu ko uku ya mayar, babu maganar mallaka. Kafin mutum ya tambayi haƙƙinsa, wajibi ne ya duba kan takardarsa ya ga wace iri ya sa wa hannu, domin abin da ya halatta ga ɗaya ba ya halatta ga ɗayan.

3.0 KWANA 14: JANYEWA DAGA BASHI

Sashe na 66A na dokar 1974 sabon shiga ne, ya soma aiki ranar 1 ga Fabrairu 2011 sakamakon wani umarni na Tarayyar Turai, kuma ya ci gaba da aiki bayan ficewar Birtaniya daga tarayyar. Ya ba wanda ya ci bashi ikon janyewa cikin kwana 14 ba tare da ya faɗi dalili ba. Ana soma ƙirga kwanakin ne daga washegarin ranar da aka ƙulla yarjejeniyar, ko washegarin ranar da ya karɓi kofen da aka sa wa hannu, duk wadda ta zo daga baya. Yana iya sanar da kamfanin da baki ko a rubuce, ko da yake mai hankali ba zai dogara da maganar waya ba a al'amarin da kwana ɗaya ke iya ɓata shi. Sashen bai shafi bashin da ya wuce fam 60,260 ba.

To, me zai biyo baya? Da zarar ya janye, dole ne ya mayar da kuɗin da aka ranta masa, haɗe da ruwan 'yan kwanakin da suka wuce, cikin kwana 30. Ba a yarda kamfanin ya ɗora masa wata tara ba. Idan ya biya, sashen ya ce mallakar motar ta koma gare shi. A nan ne zaton jama'a ya kauce, domin dokar ba ta ce ya mayar da mota ba, cewa ta yi ya mayar da kuɗi.

Mu ɗauki misali, kuma za mu riƙe shi har ƙarshen takardar. A ƙaddara mota ce ta fam 20,000. Mai saye ya ba da kafin alƙalami fam 2,400, kamfani ya cika sauran fam 17,600, aka yi yarjejeniyar biyan fam 450 duk wata har wata 48. Jimlar abin da zai biya ke nan fam 24,000, watau fam 4,000 kuɗin ruwa ne. In ya janye a rana ta goma, sai ya nemo fam 17,600 da ɗan abin da ya hau kai, ya miƙa cikin wata guda. Wanda ya samu bankin da zai ranta masa da ruwa mai sauƙi, ko ɗan'uwa ya agaza masa, wannan sashe alheri ne gare shi, ya tsira daga mafi yawan fam 4,000 ɗin nan. Amma wanda ya janye domin ya gano ba shi da halin riƙe motar, ya gudu ne bai tsira ba. Da yana da wata 48 na biya, yanzu ya mayar da su kwana 30.

Wani amfani da ake mantawa da shi shi ne, janyewa daga bashin tana tafiya da ƙananan yarjejeniyoyin da aka liƙa masa, kamar inshorar biyan bashi da aka sayar wa mutum tare da shi.

Mahalarta da suka yi karatun fiƙihu ba za su ga baƙon abu a nan ba. A mazhabar Malikiyya, in ciniki ya faɗa ya faɗa, sai fa in an gindaya hiyari tun farko, kamar kwana uku ga dabbar hawa, ko kuwa an tarar da aibi a kayan. In babu ɗayan biyun, abin da ya rage shi ne iƙala, watau mai sayarwa ya yarda don kansa ya karɓi kayansa ya mayar da kuɗi. Dokar Birtaniya ma haka take game da wanda ya je da ƙafarsa wurin dillali, ya ga mota, ya sa hannu a can. Bakin alƙalami ya bushe. In dillali ya karɓi motar saboda mai saye ya sake shawara, kyautatawa ce, ko kuwa wani alkawari ne da shi dillalin ya rubuta a takardar ciniki don jawo kasuwa.

Inda doka ta ba da hiyari da kanta shi ne cinikin nesa. Ƙa'idojin Yarjejeniyar Masu Saye na 2013 sun ce wanda ya sayi kaya daga ɗan kasuwa ta waya ko ta intanet, ba su haɗu ido da ido ba har aka ƙulla, yana da kwana 14 daga ranar da aka kawo masa kayan, ya fasa ba tare da dalili ba. Hikimar a fili take: bai ga kayan ba. Wanda ya sayi mota ta wannan hanya daga dillali zai iya mayar da ita, sai dai za a iya rage masa wani abu in ya yi ta yawo da ita fiye da gwajin da ya kamata.

4.0 ƘA'IDAR RABI

Hanyar da ke raba mutum da motar da bashin gaba ɗaya, ba tare da motar tana da wani aibi ba, tana sashe na 99 da na 100. Sashe na 99 ya ce a yarjejeniyar hayar-saye, da kuma wadda aka jinkirta mallaka sai an gama biya, mai saye yana iya kawo ƙarshenta a kowane lokaci kafin biyan ƙarshe ya zo, ta hanyar ba da sanarwa. Sashe na 100 ya faɗi abin da zai biya: abin da zai cika rabin jimlar farashi, in bai riga ya kai rabin ba, da kuma duk wani kason da ya makara bai biya ba. In ya wuce rabi ba za a mayar masa da rarar ba, amma ba za a bi shi kome ba.

Domin a gane darajar wannan ƙa'ida, ya kamata a dubi halin da ake ciki a inda ba ta kai ba. A shari'ar Bridge da kamfanin Campbell Discount, wadda Majalisar Dattawa ta yanke a 1962, wani mutum ya karɓi tsohuwar mota ƙirar Bedford Dormobile, wadda farashinta ya wuce iyakar da dokar wancan lokaci ta rufe. Ya biya kafin alƙalami da kason wata ɗaya, sa'an nan ya rubuta wa kamfanin cewa ba zai iya ci gaba ba, ya mayar da motar. Kamfanin ya nemi ya cika kashi biyu cikin uku na farashin, kamar yadda takardar ta tanada, da sunan diyyar tsufan mota. Alƙalan suka lura da cewa wannan diyya tana raguwa ne a daidai lokacin da motar ke ƙara tsufa, saboda haka tara ce aka sake wa suna, suka ƙi tabbatar da ita. Sai dai Bridge ya tsira ne kawai domin an ɗauki wasiƙarsa a matsayin karya yarjejeniya. Lord Denning ya nuna rashin dacewar hakan, domin ma'anarsa ita ce doka tana tausaya wa wanda ya saɓa alkawari, tana kuma barin wanda ya fita ta ƙofar da aka buɗe masa ya sha wuya. Sashe na 100 ya toshe wannan giɓi, sashe na 173 kuma ya ce duk wani sharaɗi da ya rage wa mai saye wannan haƙƙi ɓatacce ne. Iyakar kuɗin da dokar 1974 ta rufe ta faro daga fam 5,000, aka yi ta ɗaga ta har fam 25,000, aka kuma cire ta a 2008.

Mu koma ga misalinmu. Rabin fam 24,000 shi ne fam 12,000, kuma kafin alƙalami yana cikin lissafi. Mai saye zai haye rabi a biya na 22. In ya so fita a wata na goma, ya biya fam 6,900 ke nan, saura fam 5,100 ya cika ya miƙa makulli. Kuskure ne a ce sai an kai rabi ake da ikon fita. Ikon yana nan tun ranar farko, rabin dai shi ne iyakar abin da za a nema. Har ma sashen ya ba kotu damar rage adadin in ta ga asarar kamfanin ba ta kai haka ba.

Yawancin sababbin motocin da ake saye bashi a Birtaniya a 'yan shekarun nan ana sayensu ne ta wani reshe na hayar-saye da ake taƙaita sunansa da haruffan PCP. A nan kason wata-wata yana da sauƙi, amma an ajiye wani babban dunƙule a ƙarshe, wanda mutum zai biya in yana son mallakar motar. Ƙa'idar rabi tana aiki a kansa, sai dai dunƙulen nan yana cikin jimlar farashi. A ƙaddara motarmu ce dai, da kafin alƙalami fam 2,400, da fam 300 duk wata har wata 48, da dunƙulen ƙarshe na fam 8,200. Jimla fam 25,000, rabi fam 12,500. Mai saye ba zai haye rabi ba sai a biya na 34. A ganina wannan ya rage wa ƙa'idar kaifi ƙwarai, domin an tsara ta ne a zamanin da rabin kuɗi yake zuwa kusa da rabin lokaci. Wanda aikinsa ya tsaya a shekarar farko ta irin wannan yarjejeniya, ƙofar tana buɗe a takarda, amma kuɗin fita ya fi ƙarfinsa.

Akwai sharaɗin kula da mota. In mai saye bai kula da ita yadda ya kamata ba, kamfanin yana da ikon neman diyyar ɓarnar. Tsufa na yau da kullum ba ɓarna ba ne, amma iyakar da ke tsakanin biyun ita ce inda aka fi samun rigima, don haka ɗaukar hotunan motar ciki da waje ranar miƙa ta ba ɓata lokaci ba ne. Haka kuma ana yawan jayayya a kan kuɗin da kamfanoni ke nema idan an wuce yawan milolin da aka ƙayyade.

Tarkon da ya fi kowane haɗari shi ne na suna. Kawo ƙarshen yarjejeniya bisa sashe na 99 dabam yake da sallama mota ga kamfani don ya sayar. A na biyun, kamfanin zai yi gwanjon motar, ya cire abin da ya samu daga bashin, ya bi mutum sauran, kuma babu iyakar rabi a ciki. Mutumin da ya buga waya ya ce su zo su ɗauki motarsu, aka turo masa takarda ya sa hannu bai karanta ba, yana iya gudun gara ya faɗa gidan zago. Abin da ya dace shi ne ya rubuta da kansa, ya ambaci sashe na 99 da lambar yarjejeniyarsa.

Wanda ya ci bashin banki da sunansa ba shi da wannan haƙƙi, tun da motar tasa ce. Hanyarsa ita ce sashe na 94, wanda ya ba kowane mai bashi ikon biya kafin lokaci a rage masa kuɗin ruwa. Mai haya zalla ma ba shi da shi. Sashe na 101 ya ba ɗan haya ikon fita bayan wata 18, amma ya keɓe hayar da ta wuce fam 1,500 a shekara, adadin da kusan kowace hayar mota ta wuce shi.

4.1 Ƙa'idar sulusi

Wannan ba hanyar fita ba ce, garkuwa ce ga wanda ya kasa biya. Kafin kamfani ya ɗauki mataki sai ya aika da takardar gargaɗi, ya ba da aƙalla kwana 14 na gyara. Idan mai saye ya riga ya biya sulusin jimlar farashi, sashe na 90 ya hana a karɓe motar sai da umarnin kotu. A misalinmu na farko sulusi fam 8,000 ne, ana haye shi a biya na 13. Kamfanin da ya karya wannan ƙa'ida hukuncinsa mai tsanani ne: yarjejeniyar ta mutu, bashin ya faɗi, kuma zai mayar da duk abin da aka biya shi. Amma garkuwar tana faɗuwa in mai saye ya miƙa motar da yardarsa, ko in shi ne ya kawo ƙarshen yarjejeniyar.

5.0 IDAN MOTAR TANA DA AIBI

Duk abin da ya gabata ya shafi mota lafiyayya. In tana da aibi, maganar ta koma hannun dokar 2015, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara. Ta wajabta kaya su kasance da inganci mai gamsarwa, su dace da aikin da aka saye su dominsa, su kuma yi daidai da yadda aka siffanta su. Ana auna ingancin ne da shekarun motar da farashinta da tafiyar da ta yi, don haka ba a neman tsohuwa ta zama sabuwa.

Kafin wannan doka, mai saye yana da "lokacin da ya dace" ne kawai ya mayar da kaya, kuma babu wanda ya san tsawonsa. A shari'ar Bernstein da kamfanin Pamson Motors, wadda aka buga a rahotannin 1987, wani ya sayi sabuwar Nissan Laurel, injinta ya buga bayan mako uku da tafiyar kimanin mil 140. Alƙali ya yarda motar ba ta da inganci, amma ya ce lokacin mayarwa ya wuce, sai diyya. Dokar 2015 ta yanke wannan gardama da adadi: kwana 30. Cikin waɗannan kwanaki, in mai saye ya nuna cewa aibin yana nan tun ranar da aka ba shi motar, zai mayar da ita a ba shi kuɗinsa cif. In ya yarda a gwada gyara, ƙirgar kwanakin tana tsayawa har motar ta dawo.

Bayan kwana 30, sai ya ba da damar gyara ko musanya sau ɗaya. In gyaran bai yi ba, yana da zaɓin rage farashi ko mayar da motar gaba ɗaya. Cikin wata shida na farko doka tana ɗauka cewa aibin tun asali yake, sai mai sayarwa ya kawo hujjar akasin haka. Abin mamaki, wannan sauƙi na hujja bai shafi mayarwar kwana 30 ba, ke nan mai gaggawar mayarwa shi ne zai nemo rahoton bakanike. Haka kuma an ware motoci da wani hukunci: a sauran kaya ba a rage kome daga kuɗin da za a mayar cikin wata shidan nan, amma a mota ana rage ladan amfanin da aka yi da ita.

A nan ne bayanin sashe na 2.0 yake da amfani. A hayar-saye kamfanin rance ne ya ba da motar, saboda haka shi ne ke da alhakin ingancinta, kuma shi ya kamata a rubuta wa. Da yawa sukan ɓata kwanakinsu 30 suna safa da marwa wurin dillali, ana ce musu gobe, jibi. Har ila yau sashe na 56 na dokar 1974 ya ɗauki dillali a matsayin wakilin kamfanin a duk abin da ya faɗa lokacin ciniki, don haka in ya ce motar ba ta taɓa haɗari ba alhali ta yi, kamfanin ba zai ce ba ruwansa ba. Idan mayarwa ta tabbata, yarjejeniyar bashin tana faɗuwa tare da ita, a mayar da kafin alƙalami. Wannan ce kaɗai hanyar da mai sayen da ya je wurin dillali da ƙafarsa zai rabu da mota da bashi ya kuma karɓi kuɗinsa. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne tsayar da biyan wata-wata da kansa don fushi, domin hakan zai mai da shi mai saɓa alkawari, ya kuma ɓata masa suna a wurin masu ba da bashi.

6.0 INDA AKE KAI KUKA

Tun 1 ga Afrilu 2014 Hukumar Kula da Ɗa'ar Harkokin Kuɗi ce ke sa ido a kan kamfanonin rance. Mai ƙorafi yakan fara da kamfanin, wanda a ƙa'ida yake da mako 8 ya ba da amsa. In amsar ba ta gamsar ba, yana da wata 6 ya kai maganar Ofishin Sauraron Koke-koken Harkokin Kuɗi, kyauta, kuma hukuncin ofishin yana hawa kan kamfanin in mai ƙorafi ya karɓe shi. Ƙofar kotu ma a buɗe take. Sashe na 140A ya ba ta ikon gyara yarjejeniyar da ta ga babu adalci a cikinta, kuma da shi ne Kotun Ƙoli ta yi aiki ranar 1 ga Agusta 2025 a shari'ar Johnson da bankin FirstRand, inda la'adar da aka ba dillali ba tare da an fayyace wa mai saye ba ta kai kashi 55 cikin 100 na kuɗin da aka ɗora a kan bashin. Kotun ta sa a biya shi kuɗin la'adar da ruwansa.

7.0 DOKAR NIJERIYA TA 1965

Dokar Hayar-Saye ta Nijeriya ta 1965 ta bi sawun dokar Ingila ta 1938 ƙwarai. Ta rufe duk yarjejeniyar hayar-saye ta abin hawa mai inji, kome tsadarsa, yayin da ta tsaya a naira 2,000 ga sauran kaya, adadin da yau ba ya sayen kome. Sashe na 8 ya ba ɗan haya ikon kawo ƙarshen yarjejeniya ta hanyar sanarwa a rubuce, da cika rabin farashi, daidai da abin da muka gani. Inda ta bambanta shi ne garkuwar hana ƙwace. A Birtaniya sulusi ne, a Nijeriya kuwa sashe na 9 ya sa sai an biya kashi uku cikin biyar na farashin abin hawa kafin a wajabta wa mai kaya zuwa kotu. Gyaran da aka yi wa dokar a 1970 ya kuma ba mai kaya damar ɗauke motar ya ajiye ta a wurinsa kafin kotu ta yanke hukunci, in an tara kaso uku ba a biya ba. Da za a ɗora misalinmu na farko a kan wannan ma'auni, garkuwar da ke sauka a biya na 13 a Birtaniya ba za ta sauka ba sai a biya na 27.

Dokar ba ta da kwatankwacin kwana 14 na janyewa daga bashi. Game da aibi, Dokar Gasa da Kāre Masu Saye ta 2018 ta ba da wata 3 na mayar da kayan da ba su cika ƙa'idar inganci ba. Ya kamata masu nazarin shari'a a cikinmu su dubi yadda waɗannan tanade-tanade suka shafi direbobin a-daidaita-sahu da 'yan acaɓa da ke karɓar abin hawa a kan biyan mako-mako a Kano da Kaduna da sauran garuruwa, domin dokar 1965 ta wajabta a rubuta yarjejeniyar, a bayyana farashin kuɗi hannu da na bashi, a kuma ba ɗan haya kofe, in ba haka ba mai kaya yana iya rasa ikon tilasta ta a gaban kotu.